Sha Bakwai Bisa Ashirin

Litinin, 16 ga Satumba 2024, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na karɓo fish ɗin rajista, wato fom, a jami'a. Takarda ɗaya ce tal, amma tun azahar nake juya ta kamar mai gasa tsire. Suna, ranar haihuwa, unguwa, duk na cike: Kausar Idrisa, Garwa. Saura gida biyu a can ƙasa, inda ake zaɓen lissafin zangon farko. Gida na ɗaya shi ne Analyse 1, lissafin jami'a na gaske, kuma wanda ya faɗi shi sau biyu sashen ya sallame shi. Gida na biyu Mise à niveau, na waɗanda ƙafarsu ba ta tsaya ba, a sake musu gini daga tushe wata huɗu kafin su shiga wancan.

Matar da ke biron rajista, wato ofishin, Madam Martine, ta duba takardar makina na bak, jarrabawar gama sakandare, ta ɗaga gira. "Sha bakwai bisa ashirin a lissafi? Ke kam ba ki da matsala, ma fille, 'yata. Gida na ɗaya."

Na ce, idan mutum na biyun yake so fa?

Ta yi dariya. Ta ce kujerun ba su da yawa, wanda ya haura sha biyu ba a ba shi, sai idan malaminsa na lissafi na ajin ƙarshe ya rubuto wasiƙa da hannunsa cewa yana buƙata, ya kuma faɗi dalili. Ranar rufewa Juma'a, huɗu ga Oktoba, ƙarfe sha biyun rana.

Malamina na lissafi Misye Louis ne. Na ninke takardar na sa a jaka.

Talata, 17 ga Satumba, bayan azahar

Inna ta aike ni in kai wa Baba abinci a mayanka. Da na sani da na ce kaina ke ciwo. Tun daga ƙofa mahauta suka ɗauka: "Ga Sha-Bakwai nan, a ba ta hanya." Wata biyu ke nan sunana na yanka ya ɓace a wurin. Wani tsoho ya nuna mini bijimi, wai in gaya masa kilo nawa zai yi bayan an feɗe, tunda ni ce mai lissafi. Na ce lissafin takarda na karanta, ba na sa ba. Suka kwashe da dariya, Baba ya fi kowa.

Baba bai taɓa zama a aji ba, amma ya haddace lambar nan kamar sunan ƙauyensu. Ya dafa ni a gaban abokansa yana cewa, "A gidanmu wuƙa muka gada, wannan ta kawo mana alƙalami." Hannunsa duk kitse, ya ɓata mini hijabi a kafaɗa. Ina son mutumin nan har cikin raina, shi ya sa na kasa duban fuskarsa.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Na samo takardar atisayen makon farko na Analyse 1 ta bara, a wurin masu fotokofi na bakin jami'a. Tambaya goma. Na zauna da ita tun bayan karin kumallo, na ce wataƙila ina raina kaina ne, wataƙila hutu ya buɗe mini kai. Na yi ɗaya da rabi. Rabin ma ba zan rantse a kansa ba. Tambaya ta huɗu ko abin da take so ban gane ba, na karanta ta sau shida, har da ƙarfi, kamar wadda take jiran ta ba ni amsa don kunya.

Ga makina na lissafi duk shekarar ƙarshe a lise, babbar sakandare, tunda kundin nan ba ya zuwa mayanka: takwas, tara, takwas da rabi, bakwai, sau ɗaya sha ɗaya, ranar har rawa na taka a tsakar gida. Wannan ita ce Kausar. Ita ce za ta zauna a Analyse 1, ba waccan ta takardar ba.

Juma'a, 20 ga Satumba, da hantsi

Na sake gwada tambaya ta huɗu. Tana nan yadda na bar ta.

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Zaharaddin ya ga fish ɗin a kan tabarma. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba ya barin takarda ta wuce shi bai karanta ba. Ya ce me nake jira ban sa alama ba. Na ce ina tunanin gida na biyu, amma sai da wasiƙar Misye Louis.

Ya leƙa waje ya ga Inna tana wurin murhu, ya rage murya. "Kin haukace ne? Mai sha bakwai ta je ta ce ba ta iya ba? Tambaya ta farko da za a yi miki mece ce?"

Na ce idan na shiga na ɗaya faɗuwa zan yi, sau biyu, a kore ni.

"Ki faɗi. Kowa na faɗuwa a jami'a, ba wanda ake bincike don ya faɗi. Ni abin da ɗan'uwa ke yi wa ƙanwarsa na yi miki, kada ki mai da shi abin da zai ci mu duka."

Bai ambaci waccan safiyar ta jarrabawa ba, ni ma ban ambata ba. Ya ɗauki makullin motonsa, wato babur, ya fita. Abin haushin shi ne ban ma iya jin haushinsa yadda ya kamata ba, don shi turowa kawai ya yi. Ba shi ya buɗe ba.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan azahar

Na ga Nadine.

Na je babbar kasuwa sayo wa Inna kayan miya, sai ga ta a layin masu banda, tana sauke kwando tare da gwaggonta Honorine. Daga Lagdo suka zo. Shekara uku benci ɗaya muke zama ni da Nadine, ita ce ke gyara mini Faransanci, ni in kawo mata kilishi. Na so in juya, amma na tsaya. Nadine ta yi baƙi, idonta ja saboda hayaƙi.

"Jam na, Kausar?" in ji ta da Fulatanci, kamar jiya muka rabu.

Na ce lafiya. Na tambaye ta Lagdo. Ta ce ruwa ya cika dam, kifi ya yi yawa, tun asuba suke kan murhun banda. Ta ce ta ji na samu jami'a, félicitations, tana taya ni murna. Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na fi samun sauƙi.

Bari in rubuta abin da duk Garwa ta sani, wannan ba sirri ba ne. Ranar jarrabawar lissafi ta bak, a bakin ƙofa, an sami 'yar takarda a cikin akwatin kompas na Nadine, ɗauke da amsoshin tambayoyin da ba a riga an buɗe ambulan ɗinsu ba. An hana ta zama bak shekara uku. An tambaye ta inda ta samu, ta ce a ƙasa ta tsinta. Da yake coci ɗaya suke zuwa da Misye Louis, kuma yakan yi mata ƙarin darasi a gida, sai aka ce shi ne. An dakatar da shi tun Yuli.

Rubutun takardar na Nadine ne. Wayar da ta kwafa daga ciki, a bayan ajinmu, ta wace ce, wannan ba zan rubuta ba. Inna tana share ɗakin nan.

Da gwaggonta ta matsa, Nadine ta ce, "Ban faɗi sunan kowa ba, kuma ba zan faɗa ba, ki daina kallona haka. Ni na kasa haddacewa, ke kin iya, shi ke nan." Sai ta ce Misye Louis yana gidan mahaifiyarsa a Figil, majalisar ladabtarwa za ta zauna a kansa ran sha biyar ga Oktoba.

Ta zaɓo mini tarwaɗa biyu masu kyau ta naɗe a takarda, wai in kai wa Inna. Na karɓa. Kullum karɓa nake yi.

Alhamis, 26 ga Satumba, da safe

Inna ta yi miya da bandar. Kowa ya yaba. Ni na ce na ƙoshi, ban ci ba.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan magariba

Na yi niyyar gaya wa Baba. Wallahi na yi niyya, har na shirya jimlar farko tun rana. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana wasa wuƙaƙensa na gobe. Na durƙusa na ce, "Baba, ina so in je Figil wurin Misye Louis."

Ban kai ga jimlar ba, ya ajiye wuƙar. Ya ce Allah ya yi mini albarka, shi kansa abin yana ransa. "Mutumin da ya mai da 'yar mahauci mai sha bakwai, a ce ya zauna a gida ba wanda ya leƙa shi? Sharri aka yi masa. Ni na san fuskar ɓarawo, shekara talatin ina kasuwar shanu. Ki je ki gaishe shi, ki ce in ji ni, duk wanda ya jawo masa wannan Allah ya tona shi."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Ya sa an ɗauro kilishi mai yawa, na musamman, wanda ba a sayarwa.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Na lissafa hanyoyin da nake da su, wannan lissafin kam na iya. In sa alama a gida na ɗaya, in faɗi a hankali shekara biyu, Baba ya riƙa cewa malaman jami'a mugaye ne. Ko in je in roƙi mutumin da aka dakatar ya sa hannu a kan cewa ɗalibarsa mai sha bakwai ba ta iya ba, ana saura mako biyu a zauna a kansa. Ko in faɗi gaskiya, a soke bak ɗina, a zo a tafi da Yaya, Baba ya daina fita mayanka.

Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda na iya ɗauka, babu wadda na iya ajiyewa. Saura kwana huɗu.

Talata, 1 ga Oktoba, da hantsi

Gobe Figil. Ban san abin da zan ce ba.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan isha'i

Na je na dawo. Zan rubuta duka kafin in fara gyara wa kaina labarin.

Motar Marwa na shiga, na sauka a Figil wajen ƙarfe goma. Wani mai moto ya san gidan, bayan masana'antar siminti, inda ganyen bishiyoyi duk sun yi fari. Na tarar da shi a gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa tare da mahaifiyarsa. Ban taɓa ganinsa ba taye ba. Ya rame, amma muryar tana nan.

"Idrisa Kausar," ya ce, yadda yake kiran suna a aji. "Kin yi latti, kamar kullum."

Na ba shi kilishin da gaisuwar Baba. Rabin saƙon kawai na isar. Tsohuwar ta kawo mini ruwa ta shige ciki. Na miƙa masa fish ɗin, na nuna masa gidajen biyu, na faɗi sharaɗin wasiƙar ina kallon ƙasa. Ya karanta gaba da baya, har ƙananan rubutun.

Ya ce, "Gida na biyu ne naki. Da kin sa alama a na ɗaya da na ji haushi."

Na ce ko za ku gwada ni tukuna, Misye.

"In gwada ki? Shekara biyu ina gyara takardunki. Na san inda kike tsayawa, na san inda kike fara zana fure a gefen shafi." Ya miƙo mini fish ɗin. "Ranar da sakamako ya fito na ga sha bakwai a gaban sunanki. Ban yi murna ba, Kausar."

Nan hawaye ya zo mini. Na ce, "Misye, takardar nan ta Nadine, ni ce..."

Ya ɗaga hannu, yadda yake tsayar da mai amsa ba a tambaye shi ba. "Non. Ran sha biyar za a tambaye ni ko na san wani abu. Yanzu amsata ita ce ban sani ba, kuma gaskiya ce. Kada ki ɓata mini ita. Idan kina da magana, kin san ofishin da ake kai ta, ba gindin bishiyar nan ba ne. Ba kuma zan ce ki je ba, ba zan ce kada ki je ba."

Ina ji a jikina ya buɗe mini ƙofa, ina kuma ji ba zan shiga ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da takarda da alƙalami. Ya daɗe bai rubuta komai ba. Ya ce, kamar da kansa yake magana, idan ya rubuta cewa ba ni da ƙarfi a lissafi, za a ce to sha bakwai daga ina. Sai ya sunkuya ya rubuta, ya sa hannu, ya miƙo mini.

Wasiƙar ta ce shi, Louis, bai kammala progaram ɗin shekara, wato manhaja, da ajinmu ba. Wai ya bar babi biyu, suites da intégrales, waɗanda jami'a ke ginawa a kansu, kuma laifin nasa ne, ba na ɗalibar ba.

Na ce, "Amma kun gama. Har Asabar kuke kiranmu, ba wanda ya sa ku. Da ruwan sama ma kun zo."

Ya ce, "Na gama faɗa. Ke kin gama ji?"

Na ce a'a.

"To ki tafi ki ji. Motar ƙarfe biyu ba ta jira." Ya koma kan gyaɗarsa. Har na kai ƙofa ya ce in gaya wa Baba useko, wato ya gode, kilishin ya yi yaji daidai.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Wasiƙar tana cikin jaka. Na fito da ita sau biyar. Rubutunsa mai kyau, ko gogewa ɗaya babu. Na gaya wa kaina takarda ce kawai da za ta kwanta a dosiyena, fayil ɗina, a jami'a, ba mai sake ganinta. Na maimaita har na kusa yarda.

Baba ya tambaya ko na isar da saƙonsa duka. Na ce e.

Juma'a, 4 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na isa biron ƙarfe sha ɗaya da kwata, layi har waje. Sha biyu saura minti goma na kai gaban Madam Martine. Ta gane ni. "Ah, mai sha bakwai. Har yanzu kina kan bakanki?"

Na miƙa fish ɗin da alama a gida na biyu, da wasiƙar. Ta karanta, ta juya ta sa ta a injin fotokofi. Na ce kwafin na mene ne, Madam?

Ta ce ɗaya na dosiyena, ɗaya kuma duk wasiƙar da malami ya ce bai gama progaram ba ana tura ta ofishin ilimi na yanki, a sa a dosiyensa. "Ranar Litinin suke tafiya. Ai su malaman sun sani, tun bara aka aika musu sanarwa."

Ashe ya sani. Lokacin da ya daɗe alƙalami a hannu bai rubuta ba, ashe wannan yake aunawa. Wasiƙar za ta riga shi isa gaban majalisar da kwana takwas.

Ta ɗaga hatimi ta tsaya, don ta ga fuskata. "Lafiya, ma fille? In buga?"

Akwai mutum wajen ashirin a bayana, wani yana cewa a yi sauri za a rufe. Takardar tana nan kan tebur, tsakanina da ita bai kai kamu ɗaya ba. Hannuna yana da lafiya, zai iya miƙewa. Na buɗe baki.

Na ce, "Oui, madame." Ta buga.

Asabar, 5 ga Oktoba, da safe

Baba ya tambaya wane lissafi na ɗauka. Na ce na farko. Ai shi ne zan fara yi.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Darasin farko na Mise à niveau, ƙarfe takwas, mu wajen arba'in. Malamar ta ce za mu fara da suites. Tana rubutu a allo, a hankali, sai na ji abin yana shiga, layi bayan layi, karo na farko a rayuwata. Duk na taɓa jin wannan, da wata murya, har misalin iri ɗaya ne. Ta yi tambaya, aji ya yi tsit. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na miƙe na ba da amsa, kuma daidai ce. Tawa ce, ba wanda ya turo mini.

Ta yi murmushi ta ce, "Très bien. Wa ya koyar da ke a lise?"

Na faɗi sunansa, da ƙarfi, kowa ya ji.

Ta duba jerin sunayen da ke gabanta, ta bi da yatsa har ta kai nawa. Ta ce, "Ah, wannan da bai gama progaram ba."

Na zauna.